Mayyar da ke Rufin Rumfar Taro

A ƙauyenmu na Batulanga, duk wanda ya shiga rumfar taro ya ɗaga kai zai ga tatsuniyar Dadong Kerug zane a jikin rufi, daga kusurwar gabas har ta zagayo. Tun zamanin kakanni haka rufin yake. Tatsuniyar kuwa ba yaron da bai san ta ba. Wata tsohuwa ce a bakin rafi, da rana faran-faran da kowa, rana na faɗuwa sai ta rikiɗa ta bi rumbuna tana tsotse albarkar shinkafa, in ba ta ƙoshi ba ta koma kan jarirai. Daga ƙarshe wani ɗan sarki ya zo a kan farin doki ya ɗaure ta da gashin kanta a jikin ceɗiya. A tsohon zanen, mayyar ba ta yi kama da kowa ba. Idanu ne kawai ƙwala-ƙwala, da fiƙoƙi, da harshe har ƙirji, irin yadda ake zana kowace mayya.

A lokacin da nake ba da labari akwai wata mata da ake kira Men Warsi, wato uwar Warsi, don 'yarta ke nan guda. Mijinta ya faɗo daga bishiyar kwakwa ya mutu tun yarinyar na goye, ita kuwa ba ta sake aure ba. Waina take toyawa a ƙofar kasuwa, ta shinkafa, ta barbaɗa kwakwa ta tsiyaya narkakken sukari a kai. Tana da baƙin tabo kamar ƙwayar wake ƙarƙashin idon hagu, kuma ƙaramin yatsanta na hagu guntu ne, lauje ya cire shi tun tana yarinya. Amma abin da aka fi saninta da shi bakinta ne. In ka wuce gaban tandarta da sabon zani sai ta tambaye ka wa ya mutu ya bar maka. Rabin masu sayen wainarta don su ji abin da za ta ce wa na gaba suke tsayawa.

Mai zanen garin kuwa Nyoman Rudeg ne, ya gaji sana'ar wurin ubansa. Gwani ne, wannan ba wanda ya taɓa musu, sai dai ba ya ɗaukar wasa ko kaɗan. Wata shekara ya yi tuta don bikin wurin bauta, ɗan sarkin nan a kan dokinsa. Ana wucewa da ita ta gaban kasuwa, shi yana biye yana jiran yabo, sai Men Warsi ta ɗago daga tanda ta dubi tutar.

"Nyoman, wannan karen wane ne ɗan sarki ya hau?"

Kasuwa ta ɗauki dariya, har masu riƙe da tutar. Gaskiya dokin bai yi muni ba, kunnuwan ne suka ɗan faɗi. Amma daga ranar sunansa ya koma Mai Kare. Yara su kira shi haka daga bayan katanga, abokansa su kira shi haka a wurin faɗan zakaru, har surukarsa an ce ta taɓa yin suɓutar baki. Men Warsi ta manta da maganar kafin wainar da ke kan wuta ta nuna. Shi bai ce mata komai ba, ya dai daina bi ta ƙofar kasuwa.

Ana nan sai shekarar da dutse ya yi aman wuta. Toka ta yi nauyi a kan rumfar taro har rufin ya rufta, ruwan sama ya zo ya ƙarasa tsohon zanen. Da aka samu sarari aka tayar da rumfar, dattawa suka ba Nyoman Rudeg aikin sabunta tatsuniyar. Ya shafe wa ƙyallaye ƙullun shinkafa, ya goge su da ƙwanson wuri har suka yi sheƙi, ya fere alƙaluman gora. Bisa al'ada shi ke fitar da siffa, matan gidansa su cike launi. Haka aka yi da duk sauran, ban da ƙyallen tsakiya, mafi girma, inda mayyar ke tsaye ita kaɗai. Wannan shi ya yi abinsa a ɗaki, ƙofa a rufe.

Aka kafa zanen a lulluɓe da farin yadi. Ranar biki mai kula da wurin bauta ya yi addu'o'insa, ya yayyafa ruwan tsarki, sannan aka janye yadin. Mutane suka ɗaga kai. Aikin ya yi kyau ƙwarai. Sai wata yarinya ta nuna da yatsa ta ce ga Men Warsi can. Idanu da fiƙoƙi da harshe duk na mayya ne kamar kullum, amma ga tabo ƙarƙashin idon hagu, ga guntun yatsa a hannun da ta miƙa wa jariri, ga ɗaurin kallabin nan nata mai karkata gefe. Har yadda take dogara hannu a ƙugu in za ta yanka wa mutum magana bai bari ba.

Dariyar ranar ta fi ta kasuwa. Men Warsi na tsaye da faifan hadaya a ka, Warsi na riƙe da gefen zaninta. Ta daɗe tana kallon sama, sannan ta ce Nyoman ya kyauta, ya ba ta haƙoran da suka fi nata yawa. Aka sake darawa, aka ce ai an yi ɗaya da ɗaya, Mai Kare ya rama. Ita ma haka ta ɗauka.

Da shekarar mai daɗi ce, ƙila da a nan maganar ta tsaya. Amma toka ta kashe gonaki, abin da ya tsira ɓeraye suka cinye, rumbuna suka zama wayam. Yara suka fara zawo suna mutuwa. Kullum maza na zaune a rumfar taro suna shawarar yadda za a yi, kuma duk wanda ya gaji ya jingina ya ɗaga kai, fuskar nan ce ke kallonsa. Ba wanda ya tashi ya ce Men Warsi mayya ce. Sai dai wata ta tuna jaririnta ya fara zazzaɓi ne washegarin da Men Warsi ta ce ya yi ɓul-ɓul. Wani ya tuna an gan ta bakin rafi da almuru, alhali duk garin nan a rafin ake wanka da almuru. Wata tsohuwa ta ce masu zane suna ganin abin da sauran mutane ba sa gani, in ba haka ba me zai sa hannun Nyoman ya tafi can.

Ciniki ya fara ja baya. Mata su zo wucewa su juya goyonsu ɗaya gefen. Waɗanda a da ke tsokanarta don su ji amsa suka koma gaishe ta da ladabi, su yi sauri su wuce, kuma wannan ladabin ya fi komai ci mata rai. Wata rana ta koma gida da ƙullunta kusan yadda ta fito da shi, ta zuba wa alade.

Mace ba ta magana a taron gari, don haka ta je wurin ƙanen mijinta, Pan Sedeng, wato uban Sedeng, ta roƙe shi ya kai kukanta. Abin da take so kaɗan ne, a shafe tabon a ƙara wa yatsan tsawo. Pan Sedeng mutum ne mai gudun rigima, ya kai maganar yana yi yana ba da haƙuri. Nyoman Rudeg ya ce shi tatsuniya ya zana, tsofaffi masu tabo kuma sun cika duniya, wadda ta ga kanta a jikin mayya ita ta san dalili. Mai kula da wurin bauta ya ce abin da ruwan tsarki ya taɓa ba a mayar masa da alƙalami, sai dai in ya tsufa da kansa. Dattawa suka ce a yi haƙuri, magana za ta wuce. Pan Sedeng ya dawo ya faɗa mata haka, ya ƙara da cewa ita ma da ta riƙa kama bakinta.

Ta kama shi kuwa. Tunda duk abin da ta faɗa ana ajiyewa a jira a ga wanda zai kwanta, sai ta daina faɗar komai. Ta daina yi wa jarirai wasa, ta daina zuwa barka. Ta kwashe tandarta ta koma wata kasuwa mai nisa a bakin teku inda ba a san ta ba, ta fita da sassafe ta dawo da yamma ƙafafu a kumbure. Can ma ba ta wasa da kowa, kuɗi ta karɓa waina ta miƙa.

Warsi ta tashi da sunan 'yar mayya. A makaranta ba a zama kusa da ita sai in benci ya ƙare. Ranar koyon rawa a rumfar taro, ita kaɗai ce ke rawa kai a sunkuye, mai koyarwa ta yi ta ɗaga mata haɓa har ta gaji ta sallame ta. Sai ta mayar da hankali kan karatu, don littafi ba ya matsawa in ta zauna. Da ta ci jarrabawar makarantar horon malamai a Singaraja, can arewa bayan duwatsu, ta ce ba za ta tafi ta bar uwarta ba.

"Tafi," in ji Men Warsi. "Can ba wanda ya taɓa ɗaga kai a rumfarmu. In an tambaye ki, ki ce uwarki mai waina ce, ki yi shiru."

Ta tafi, ta gama, aka ba ta aji a garin. Tana shirin ɗauko uwar ta dawo wurinta da zama sai saƙo ya zo cewa an tsinci gawarta a kan hanyar kasuwa, tanda a fashe a gefenta. Mutanen gari sun zo jana'iza, don wannan wajibi ne a kan kowane gida, wanda ya ƙi a ci shi tara. Maza suka ɗauki makara, mata suka haɗa hadaya, komai aka yi shi daidai. Amma abincin da Warsi ta dafa wa masu aiki haka ya kwana a cikin ganyensa, ba wanda ya buɗe. Bayan an ƙona gawa an kai toka teku, ta bar wa Sedeng, ɗan baffanta, makullin gidan ta koma arewa.

Shekaru suka wuce. Ta yi aure, ta haihu, mijinta ma abin da ya sani kawai surukarsa mai waina ce. Ana nan wata shekara aka kawo wa makarantu sabon littafin karatu, tatsuniyoyin ƙasarmu da zanen gargajiya. Tana buɗewa a ofis tana duba darussan zango, sai ga uwarta ta cika shafi guda, da launi, a ƙasa an rubuta sunan Nyoman Rudeg da na ƙauyenmu. Abokiyar aikinta ta leƙo ta ce kai, wannan mayya kamar ta yi magana. A makon yara suka yi ta kwaikwayon zanen a bayan littattafansu, kuma ba wanda ya manta tabon.

Da aka yi hutu ta hau mota zuwa Batulanga. Ta tarar garin ya canja. An yi kwalta har ƙofar rumfar taro, motocin baƙi na tsayawa, Turawa na shiga suna ɗaga kai. A kowane gida an rataye ƙyallaye na sayarwa, kuma cikin kowane uku biyu mayyar ce, babba da ƙarama, a jikin mafici, a jikin riga. Gidan uwarta ma Sedeng ya fasa katangar gaba ya yi shago. Ya tarbe ta da murna, ya kawo kofi, yana ta sa jikinsa yana kare mata ganin zanen mayyar da ke rataye a bango. Ya ce ta yi haƙuri, kowa yi yake, kuma ai yaran yanzu ba su san wace ce ba.

Nyoman Rudeg ya tsufa, amma idonsa da hannunsa na nan. Ta same shi a rumfar gidansa, takardun yabo jere a bango, surukansa mata na gefe suna cike launi. Ba mai kiransa Mai Kare yanzu, ba ma mai tuna an taɓa yi. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ake gai da babba, ta faɗi ko ita wace ce. Ya sallami matan, ya dube ta sosai, ya ce ta fi kama da ubanta.

Ta ce ba ta zo faɗa ba. Abu guda take roƙo, ranar taron gari ya tashi ya faɗa da bakinsa cewa uwarta ba ta taɓa cutar kowa ba, haushi ne ya sa ya zana ta.

"Ni na taɓa cewa mayya ce?" in ji shi. "Tambayi duk garin nan. Ban taɓa buɗe baki na ce mata komai ba. Ita ce ta buɗe nata, a gaban kasuwa."

"Baba, magana ɗaya ce ta faɗa, a kan doki."

"'Wannan karen wane ne ɗan sarki ya hau.' Haka ta ce. Ubana na tsaye a wurin, shi ma ya yi dariya."

Ya faɗi maganar da irin muryar Men Warsi, har da karkata kai, kamar jiya aka yi. Sannan ya sassauta. Ya ce bai nufi abin ya kai inda ya kai ba, yunwa ce ta lalata zukatan mutane a shekarar. Amma yanzu in ya tashi a taro ya tono wannan, wa zai amfana? Waɗanda suka guje ta rabi sun mutu, sauran kuma jikokinsu da wannan fuskar suke zuwa makaranta. Ya ce a duk abin da ya zana a rayuwarsa ba abin da ya kai ta, kuma ko manyan birni sun faɗa.

Warsi ta san ba zai tashi a taro ba, ta kuma san ko ya tashi za a ce tsufa ne. Sai ta roƙi wani abu da ba ta zo da niyyarsa ba. Ta ce uwarta ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, 'ya'yanta na tambaya yaya kakarsu take. Tunda ya san fuskar haka, ya zana mata ita yadda take, mace a gaban tanda, ko a ɗan ƙyalle ne.

Abin ya yi masa daɗi. Ya ce wannan mai sauƙi ne, kuma ba zai karɓi komai ba. Ya jawo ƙyalle gogagge, ya tsoma alƙalami. Kallabin ya fito nan da nan, da kafaɗa, da hannu a ƙugu. Da ya zo ido sai alƙalamin ya zagaya ya yi ƙwallo. Ya yi tsaki, ya jawo wani ƙyallen. A na biyu ya matse idon, sai ya fito irin na gimbiyoyin tatsuniya, siriri mai lumshewa, ba na kowa ba. A na uku ya kai baki, leɓen ya ɗage da kansa ya bar wa fiƙa wuri. Ya ajiye alƙalamin yana murza yatsu.

"Tuna min," ya ce. "Idon nata yaya yake? Bakin fa, in ta rufe shi?"

Warsi ta buɗe baki za ta faɗa. Ta tuna ƙafafun da suka kumbura, ta tuna ƙamshin kwakwa a zaninta, da bayan wuyanta in tana hura wuta. Ta nemi fuskar, sai ta rufin rumfa ta zo. Ta kore ta ta sake nema, ita ce dai ta dawo, da harshen da komai. Tun tana ƙarama take kallon waccan, uwar kuwa tun shekarar yunwa ba ta cika ɗaga kai a kalle ta ba. Ta zauna a wurin har inuwa ta matsa daga kansu, ba ta iya ce masa ga yadda idon yake ba.

Tsohon ya ce ta bari zai sake gwadawa in ya huta, ta dawo wani zuwan. Ya naɗe na biyun, mai idon gimbiya, ya miƙa mata. Ta karɓa don ladabi, ta yi sallama. A tasha ta bar shi a kan benci.

Ba ta dawo ba, shi ma ban ji ya sake gwadawa ba. Da ya mutu an yi masa bikin ƙonawa irin wanda garinmu bai taɓa gani ba, hasumiyar da aka ɗauko gawarsa a ciki sai da aka ɗage wayar lantarki kafin ta wuce. Da rufin rumfa ya tsufa, jikokinsa suka sabunta shi layi bisa layi, ba su canja ko ɗigo ba, don yanzu hukuma ta sa shi cikin kayan tarihi.

A makaranta kuwa, shekarar da ta dawo daga wannan tafiya, da aka zo darasin Dadong Kerug, Warsi ta sa yara suka buɗe shafin. Ta ce musu matar da ke cikin hoton nan ba mayya ba ce, sunanta Men Warsi, waina take sayarwa, ta iya ba da dariya, kuma ita ce ta haife ta. Yaran suka yi dariya, sun ɗauka wasa ne. Da suka ga ba ta dara ba, sai na layin gaba suka ɗan ja baya. Kafin mako ya fita iyaye biyu sun zo wurin shugaban makaranta, ɗaya na neman a canja wa 'yarsa aji. Shugaban mutumin kirki ne, bai yi mata faɗa ba. Ya ce ta gaji ne, kuma dama ana neman mai koyar da lissafi a manyan azuzuwa. Lissafin ta koyar har ta yi ritaya.